KWANA ARBA'IN A KORIYA: ZAMAN JEGO A ƘASAR DA KUKAN JARIRI YA YI WUYA

 Na san da an ambaci Koriya abin da zai fara faɗo wa yawancinku shi ne finafinan nan nasu masu dogon zango, waɗanda suka hana wasu barci, suka ƙona wa wasu miya a kan wuta. Wa ya manta da Jumong na shekarar 2006, ko kuwa Jang Geum ta 2003, yarinyar nan mai girki a fadar sarki wadda daga baya ta zama likitarsa? Waɗanda kallo bai dama ba kuwa, akwai wayar Samsung a hannunsu ko firijin LG a ɗakinsu. Kowa dai da ƙofar da Koriya ta shigo masa gida.

To ni Allah Ya nufa na taka ƙasar da ƙafata a watan Oktoba na 2023, zaman jego ne kuma ya kai ni. Shi ya sa labarin da zan ba ku na kicin ne da tukunya da tsofaffi, da wani abu da na gani a can wanda har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi. Ku gyara zama.

DAGA KANO ZUWA DEJON

Autarmu ce ta haihu, haihuwar fari, a wani birni da ake kira Dejon a tsakiyar Koriya ta Kudu, inda mijinta ke karatun digiri na uku a fannin injiniya. Hajiyarmu ciwon ƙafa ya hana ta doguwar tafiya, ni ce babba, don haka tun cikin yana wata 6 aka fara neman mini biza, maigida kuma ya yi mini izini. Hajiya da kanta ta haɗa kayan jaka: kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, yajin jego, garin kunu da 'yar kanwa. Kilishi da dambun nama kuwa mijin Auta ya yi ta nanatawa a waya, "Yaya, don girman Allah ban da nama kowane iri ne, a filin jirgi za su ƙwace, su kuma ci ki tara." Hajiya ta riƙe haɓa ta ce, "Wace irin ƙasa ce wannan da ba a kai wa mai jego nama?"

Daga Abuja muka tashi, muka yada zango a Adis Ababa ta ƙasar Habasha, daga nan sai da muka shafe sama da awa 11 kafin mu sauka a filin jirgin Incon, wanda aka gina a kan ƙasar da aka cike a cikin teku tsakanin tsibirai, aka buɗe shi a 2001. Suna gabanmu da awa 8, wato lokacin da muke sallar Asuba a can, a Kano ba a jima da idar da Isha'i ba. Mijin Auta ya tarbe ni, muka shiga bas, tafiyar kusan awa 3.

Ke dai bari 'yar'uwa, idona bai bar taga ba. Kaka ce a wurinsu, itatuwa sun rikiɗe wasu ja, wasu ruwan ɗorawa, kamar an baza atamfofi a kan duwatsu. Kusan kashi 70 cikin ɗari na ƙasar tsaunuka ne, girmanta gaba ɗaya bai kai Kano da Jigawa da Katsina da Kaduna a haɗe ba, amma mutum miliyan 51 ke cikinta. Shi ya sa gini sama yake tafiya, benaye masu hawa 20 da 30 a jere, kowanne da ƙatuwar lambarsa a jiki don kada mutum ya ɓace wa gidansa.

TUKUNYAR HALMONI

Su Auta a hawa na 9 suke, ɗaki biyu da falo. Tun daga bakin ƙofa ake tuɓe takalmi, wannan kam kamar gida. Ina taka dandamalin ɗakin na ji ɗumi yana ratsa tafin ƙafata. Sunansa ondol: ruwan zafi ne ke zagayawa a bututu ƙarƙashin daɓe. A zamanin da, hayaƙin murhun girki ake bi da shi ta ƙarƙashin ɗaki, abinci na dahuwa ɗaki na ɗumama. Nan take na tuna gadon ƙasar da kakanninmu ke hura wa mai jego wuta a ƙarƙashinsa. Ashe mu da su duk mun yarda sanyi abokin gabar mai jego ne. Su ma safa suke sa mata, su hana ta ruwan sanyi, su killace ta kwana 21. Da can har igiyar karan shinkafa suke ratayewa a ƙofar gida don baƙi su dakata: in an soka jan barkono a jikinta namiji aka haifa, in ganyen itace ne da gawayi mace ce.

Kwanana uku da zuwa aka ƙwanƙwasa ƙofa da hantsi. Wata 'yar tsohuwa ce ƙarama, gashinta a murɗe, ta rungumo tukunya a naɗe cikin ƙyalle. Ƙofarta ce ke kallon tamu. Mijin Auta ya rusuna mata yana cewa "Halmoni", wato Kaka, haka ake kiran duk tsohuwa a can. Ta yi magana yana fassara mana. Wai kukan jariri ta ji ta bango, ta kasa zaune ta kasa tsaye, don ta manta rabon da ta ji wannan kuka a benen nan. Shi ne ta dafo wa mai jego miyok-guk.

Miyok wani ganye ne baƙi-baƙi mai santsi da ke tsirowa a cikin teku. Ana busar da shi, in za a dafa a jiƙa, a soya da man riɗi, a zuba ruwa da tafarnuwa ya yi ta dahuwa. Shi ne kunun kanwarsu, shi ne ƙaurinsu. Duk macen da ta haihu shi za ta yi ta sha, suna cewa yana wanke jini yana kawo ruwan nono. Abin da ya fi burge ni, duk ɗan Koriya ranar da ya ƙara shekara da wannan romo yake karyawa, don ya tuna wahalar da uwarsa ta sha ranar da ta haife shi. Likitocinsu na yanzu dai suna cewa a rage yawan shansa, kamar yadda namu ke jan kunne a kan yawan kanwa.

Sai dai da ta buɗe tukunyar muka ga naman shanu ne a ciki, ba kuma yankan Musulmi ba ne. Falon ya yi tsit. Mijin Auta ya durƙusa ya yi mata bayani a hankali, yana ta ba ta haƙuri. Tsohuwa ba ta ce uffan ba, ta rufe tukunyarta ta naɗe, ta juya ta fita. Auta ta fashe da kuka, "Yaya, mun kore ta, mutum ɗaya tal da ta leƙo mu a garin nan." Na ce, "Yi shiru Auta, ba wulaƙanci aka yi mata ba, Allah Ya ga zuciyarmu." Amma ni ma a ranar tuwo bai wuce mini ba.

Washegari da sassafe sai ga ƙwanƙwasawa. Halmoni ce da wata tukunya sabuwa fil, ta ɗaga gindinta tana nuna mana takardar kuɗin da ba ta ɓare ba, wato dai nama bai taɓa shiga cikinta ba. Da busasshen kifi ta dafo wannan karon. Ta zauna ta tsare Auta da ido har sai da ta shanye kwano guda, sannan ta je ta wanke hannu ta miƙo su biyu, aka ɗora mata yaro. Wallahi hannunta rawa yake yi. Ranar suna, da aka yanka rago a Kano mu kuma muka yi 'yar walima da matan ɗalibai na Najeriya da Indunusiya da Malesiya, ita ce ta fara zuwa, ita ce ta ƙarshen tafiya.

SHINKAFA DA 'YAN RAKIYARTA

Daga ranar ba ta taɓa shigowa ba tare da ta tambaye mu "Bap mogosso?" ba, ma'ana kun ci shinkafa? Gaisuwa ce a wurinsu, kamar yadda muke cewa ina gajiya. Bap ita ce dafaffiyar shinkafa, ita ce kuma abinci gaba ɗaya, kamar yadda tuwo yake a bakin Bahaushe. Gaisuwar ta samo asali ne daga zamanin yunwa. Yaƙin da aka gwabza tsakanin Kudu da Arewa daga 25 ga Yuni 1950 zuwa 27 ga Yuli 1953 ya bar ƙasar toka, har farkon shekarun 1960 tana cikin matalautan ƙasashen duniya. Tsofaffi suna tuna wani lokaci a shekara da suke kira hawan tudun sha'ir, lokacin da shinkafar bara ta ƙare sha'ir kuma bai nuna ba, irin tsakiyar daminarmu in rumbu ya yi ƙasa. Yau kuwa in aka raba arzikin ƙasar a shekara, kowane mutum ɗaya zai tashi da sama da dala 30,000.

In aka ɗora abinci, kowa da ɗan kwanon shinkafarsa da na romonsa, a tsakiya kuma ƙananan faranta biyar, shida, har goma, ana kiransu bancan, kowa na ɗiba: ganye da man riɗi, soyayyun ƙananan kifaye, tsiron wake, wainar ƙwai, awara. I, awara dai tamu ta waken soya, su suna cewa dubu. A gidan abinci kyauta ake ƙara bancan in ya ƙare. Da dogon cokali ake ci da wasu tsinkaye biyu na ƙarfe. Babba ne ke fara ɗaukar cokali, ba a soka tsinkayen a tsaye cikin shinkafa don hakan na kama da abincin da suke ajiye wa mamata, in kuma za ki miƙa wa babba abu ko ki karɓa, da hannu biyu ne.

Sarauniyar teburin ita ce kimci. Kabeji ne mai dogon ganye da ake jiƙawa da gishiri, a shafe shi da kwaɓin jan barkono da tafarnuwa da citta da ruwan kifi, a rufe shi ya yi tsami. Ranar farko ƙamshinsa ya buge ni, a mako na biyu kuwa ni ke neman ƙari. Sai dwenjang, waken soya da ake dafawa a daka a bar shi ya ruɓa, ya kwanta wata da watanni a cikin randunan ƙasa. Ina shinshinawa na ce, "Auta, ai wannan daddawa ce!"

Ga 'yar'uwa Musulma da za ta je, sai ta buɗe ido. Naman alade shi ne naman yau da kullum a can, sunansa dweji-gogi, ki haddace kalmar. Yakan ɓuya a cikin romon taliya da garin ɗanɗano, wasu kayan miya na kanti kuma akan ɗiga musu giya don kada su lalace. Mijin Auta da wayarsa yake karanta bayan kowane kwali. Kifi da ƙwai da ganye da awara kuwa sai wanda kika zaɓa a babbar kasuwar Jungang da ke kusa da tashar jirgin ƙasa, inda na tarar da wani ɗan itace ja kamar tumatir mai zaƙin zuma, ashe ɗan'uwan kanyarmu ne.

INA YARAN SUKA SHIGA?

Da Auta ta ɗan yi ƙwari na fara fita shan iska. Gari tsaf, ba bola, ba ɗauke wuta, bas na zuwa a kan minti. A unguwar Yusong akwai wani ruwan zafi da ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa, an yi masa kwatami a fili, kowa ya zo ya tsoma ƙafa kyauta. Na zauna cikin tsofaffi ina kallon titi, sai na lura da abin da ke damuna tun zuwana: babu hayaniyar yara. Filin wasa ga lilo ga komai, amma fayau. Wata rana na hango wata budurwa tana tura keken jarirai, na leƙa da murmushina zan yi wa jariri wasa, sai na yi ido huɗu da ɗan kwikwiyo sanye da riga. Kai jama'a!

Mijin Auta ya warware mini lissafin. A 1960 macen Koriya takan haifi 'ya'ya kusan 6. A 1970 an haifi jarirai kimanin miliyan ɗaya, a 2023 kuwa kimanin 230,000 kacal. A lissafin shekarar, in kika tara mata 100, 'ya'ya 72 za su haifa duk tsawon rayuwarsu, babu ƙasar da ta kai su ƙarancin haihuwa a duniya. A 2024 abin ya ɗan ɗaga zuwa 75. Namiji kan kai shekara 34 kafin auren fari, mace ta haura 31. Fiye da kashi ɗaya cikin uku na gidajen ƙasar mutum ɗaya ne rak a ciki. Har suna da kalmar cin abinci kai kaɗai, honbap, akwai gidajen abincin da aka jera kujeru suna kallon bango saboda masu yinsa.

Na ce me ya yi zafi haka? Ya ce tsadar gida ce ta farko, domin haya ma sau da yawa sai ka ajiye wa mai gida maƙudan kuɗi na jingina. Ga aiki tun safe har dare, mace in ta haihu takan rasa matsayinta a ofis, aikin gida kuma yana jiranta. Ga kuɗin lesin, yaro ya tashi daga makaranta ya wuce wata har ƙarfe 10 na dare. Na ga abin da idona ranar Alhamis 16 ga Nuwamba, ranar jarrabawar shiga jami'a: ofisoshi suka jinkirta buɗewa, 'yan sanda na kai yaran da suka makara, aka tsayar da tashi da saukar jiragen sama na minti 35 don kada ƙara ta dami masu jarrabawar sauraren Turanci. Halmoni ta ce a ranar ba uwar da za ta ba ɗanta miyok-guk, wai santsinsa zai sa ya zame ya faɗi, sai alewa mai danƙo don ya manne.

Ba su raina haihuwa ba, kada ku fahimce ni a baibai. A jirgin ƙasa akwai kujeru ruwan hoda na masu ciki, mafi yawan masu jego kuma daga asibiti wani gida na musamman suke wucewa, su yi mako biyu ana dafa musu ana renon jaririn, sai dai kuɗin miliyoyin won ne. Aikin da uwa da gwaggo da maƙwabta ke yi a wurinmu, can saye ake yi.

Na halarci biki ɗaya, wata abokiyar karatun mijin Auta ce ta yi aure, matar wani ɗalibi 'yar Malesiya ta ja ni muka je. A bakin zaure za ki miƙa ambulan ɗin gudunmawa a ba ki tikitin abinci. Minti 30 an gama komai, wasu ango da amaryar na tsaye suna jiran zauren. Daga baya ango da amarya suka sa kayan gargajiya suka durƙusa wa iyayen miji, su kuma suka riƙa jefa wa amarya wasu 'ya'yan itace dangin magarya a cikin ƙyalle, wai yawan abin da ta cafe yawan 'ya'yanta. Kowa na dariya, ni kuwa fuskar uwar ango nake kallo, da gaske take jifan. Amarya ba ta sauya sunan gidansu bayan aure, auren zumunci kuma doka ta hana, da na ce musu mijina ɗan kawuna ne sai da suka ajiye cokali.

SEUL DA BAKIN IYAKA

Na samu kwana biyu na leƙa Seul, babban birni, tare da 'yar Malesiyar nan da iyalinta. Jirgin ƙasa mai gudun kilomita 300 a awa, wanda ya fara aiki a 2004, cikin awa ɗaya ya kai mu. Muka shiga fadar Gyongbok da aka gina a 1395, inda duk wanda ya sa hanbok, kayansu na gargajiya, ke shiga kyauta. Siket ne har ƙasa da riga mai dogon hannu, da na ɗora a kan hijabina sai ka ce don mu aka ɗinka. A gaban fadar akwai mutum-mutumin Sarki Sejong, wanda ya fito da rubutun Hangul a 1446 don talaka ma ya iya karatu. Muka hau dutsen Namsan inda masoya ke maƙala kwaɗo a jikin shinge, wurin da kuke gani a fim. Dubbai ne, wasu sabbi, wasu tsatsa ta cinye sunayen da ke jiki.

Muka yi Juma'a a babban masallacin unguwar Itewon da aka buɗe a 1976. Sojojin Turkiyya da suka zo lokacin yaƙi ne suka dasa Musulunci a ƙasar a wannan zamani. A layin masallacin na samu na ci naman Koriya hankali kwance: bulgogi, naman shanu yankan siriri da aka jiƙa a ruwan waken soya da tafarnuwa da man riɗi da ɗan zaƙi, a gasa, ki naɗe a ganyen latas ki kai baki. Sai samgyetang, 'yar budurwar kaza da aka cusa wa shinkafa da tafarnuwa da saiwar jinsin, aka dafa har ƙashi ya yi laushi.

Amma inda na matsa a kai ni shi ne Imjingak, kusa da iyakar Koriya ta Arewa, saboda labarin da Halmoni ta ba mu wani dare. A Arewa aka haife ta. Tana 'yar shekara 7, cikin sanyin Janairu 1951, uwarta ta riƙo hannunta suka gudo Kudu, mahaifinta da yayanta suka ce su yi gaba za su biyo su bayan kwana kaɗan. Har yau ba su iso ba. A 1983 gidan talabijin na KBS ya yi wani shiri na neman dangin da yaƙi ya raba, aka yi kwana 138 ana yi, aka sada iyalai fiye da 10,000. Ita da uwarta sun je Seul sun ɗaga kwali da sunaye, ba wanda ya amsa. Haɗuwar ƙarshe da aka shirya wa iyalan Kudu da Arewa ido da ido a watan Agusta 2018 aka yi ta, sunanta bai fito ba.

Shingen da ya raba ƙasashen biyu tsawonsa kusan kilomita 250 ne, faɗinsa 4. A Imjingak na ga wani tsohon kan jirgin ƙasa da harsashi ya huda fiye da sau dubu, na ga waya mai ƙaya da aka ɗaure wa ƙyallaye kala-kala ɗauke da saƙonni. Akwai wani dandamalin dutse da ke fuskantar Arewa, inda tsofaffi ke zuwa ranakun bukukuwansu su jera abinci, su rusuna wa garuruwan da ba za su iya zuwa ba. Mu da muke cewa zumunta a ƙafa take, ga mutanen da aka ɗaure wa ƙafar shekara 70.

RANAR KIMJANG

Ana saura 'yan kwanaki in taho, sanyi ya sauko sosai, Halmoni ta ce lokacin kimjang ya yi, wato haɗa kimcin da za a ci har ƙarshen hunturu. Aikin gayya ne, Hukumar UNESCO ma ta sa shi cikin al'adun duniya da ake tattali a 2013. Ta ce da can ita da maƙwabta kabeji 100 suke yi a tsakar gida, yau a gidan wannan gobe a gidan waccan, a binne randuna a ƙasa. Yanzu mijinta ya rasu, ɗanta ɗaya tilo yana aiki a Seul, ya haura 40 bai yi aure ba, sau biyu a shekara yake zuwa, kullum yana ce mata ta daina wahala ta sayi na kanti. Shekara uku ke nan ba ta yi ba, ba hannun taimako, ba kuma bakin ci.

Muka ce bana kam za a yi. Kabeji 20 muka jiƙa da gishiri suka kwana, da safe muka ɗauraye, muka shimfiɗa leda a falonta, ni da Auta da matan ɗalibai uku, kowa da safar roba har gwiwar hannu, muna ɗaga ganye ɗaya-ɗaya muna shafa jan kwaɓi. Halmoni na tsakiya tana ba da umarni kamar uwar biki. Ta yago wani ganye ta naɗe da hannunta ta sa mini a baki, haka suke yi wa wanda suke ƙauna. A al'adarsu da dafaffen naman alade ake rufe wannan aiki, ita kuwa kifi ta gasa mana.

Ni ma na ce ba za a bar ni a baya ba. Shinkafarsu gajera ce mai danƙo, ba ta ba ni wahala ba wajen tuƙa tuwo, na kaɗa miyar kuka da daddawar Hajiya da busasshen kifi. Halmoni ta shinshina ta zaro ido ta ce, "Dwenjang!" Muka kwashe da dariya. Ta ajiye tsinkayenta ta sa hannu yadda ta ga muna yi, ta cinye malmala guda. Tana gamawa ta dube mu ɗaya bayan ɗaya ta ce, "Shikku." Mijin Auta ya yi shiru kafin ya fassara. Ya ce kalma ce ta iyali, amma asalin ma'anarta bakunan da ke ci tare. Wanda kuke ci a tukunya ɗaya, shi ne naka.

Ranar da zan taho ta shigo da wani ƙunshi. Wani lallausan bargo ne mai dogayen igiyoyi biyu, sunansa podegi, da shi matan Koriya ke goyo a baya kamar yadda muke yi da zani da majanyi. Da shi ta goyi ɗanta, ta wanke ta adana shi shekara 40 tana jiran jika. Ta ɗora wa Auta a cinya ta ce in wuyan yaro ya yi ƙwari a goya shi da shi. Auta ta ce ba za ta iya karɓa ba, tsohuwa ta dafe hannunta ta girgiza kai. Ba wanda bai yi hawaye ba a falon nan, har da mai fassara.

'Yan'uwa, akwai abin koyi da yawa a Koriya: tsafta, riƙon lokaci, neman ilmi, da yadda ake kula da lafiyar mai ciki har ta sauka lafiya. Ina roƙon Allah Ya nuna mana irin wannan a ƙasarmu. Amma da na gaba ake gane zurfin ruwa. Mu ma mun fara dogayen katangu, maƙwabci bai san maƙwabci ba, ɗaukin kwano tsakanin gidaje yana ja da baya, tsadar lefe da kayan ɗaki tana tsofar da samari da 'yanmata a gida, tsofaffinmu kuma sai gaisuwar waya. Kowace unguwa akwai Halmoninta, wata tsohuwa da ke jin motsinmu ta bango. In kin sauke tukunya yau, ki zuba mata, ki kuma kai da kanki ki zauna ku ci tare.

A watan Oktoba 2024 yaron ya cika shekara, Auta ta aiko mini da hoto. Halmoni ta dafa miyok-guk a tukunyar nan tamu, ta kuma jera masa zare da kuɗi da fensir a kan tabarma, wasan da suke yi wa ɗan shekara ɗaya don a ga abin da zai ɗauka. Wai gogan naku ya tsallake su duka ya rarumo cokalin da ke hannunta. Hajiya da ta gani ta ce, "Wannan kam jinina ne."

Allah Ya raya mana zuri'a, Ya ba mu ikon kyautata wa iyaye da maƙwabta. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.